Wa zai biya kwanakin da mota ta yi a gareji?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan wata asara da muke haɗiyewa a Sakkwato don gudun kada a ce mun cika son abin duniya.

Wata Talata da la'asar ina tsaye a shataletalen Dandima ina jiran hannu, sai wata a-kori-kura ɗauke da buhunan albasa ta daki motata ta baya. But ya lotse, fitilu suka tarwatse, bamba ta faɗo ƙasa. Kafin in gama salati jama'a sun yi mana zobe. Direban bai yi gardama ba, ya ce birki ne ya ƙi. Wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ƙaddara ta. Ka gode Allah da ba a rasa rai ba." Na gode wa Allah kuwa, har yanzu ina gode masa. Mai motar ya zo, ya yi rantsuwa zai gyara, aka ce ba sai an kira 'yan sanda ba tunda duk gida ne. Na yarda. A nan na fara yin kuskure.

An ce mako guda za a yi. Motar ta kwana 24 a hannun mai gyaran jiki da mai fenti, saboda kuɗin gyaran a gutsure suke zuwa, yau a sayi fitila, jibi a ce sai an sayar da albasa. Ni kuwa malamin makaranta ne, ina zaune a Arkilla, ina koyarwa a wajen Boɗinga. Yara uku nake saukewa makaranta kafin in wuce. Dole na yi musu shatar Keke Napep, naira 3,000 kullum kai da ɗauko. Ni ma kabu-kabu zuwa tasha, mota zuwa wurin aiki, haka in dawo, kusan 2,500 a rana. Sau biyu na ɗauki shatar mota don kai mahaifiyata asibiti, don ba ta iya hawa babur. Da na zauna na haɗa lissafin ranakun aiki da na asibiti sai ga naira 115,000. Duk wanda ya san yadda kuɗin mota ya tashi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya san ban ƙara ko kwabo ba.

Ranar da na karɓi motar na kawo maganar. Mutumin ya dube ni kamar na zage shi, ya ce, "Ai mun gyara maka mota, mi kuma kaka so?" Waɗanda suka shiga tsakani ma suka sunkuyar da kai, wani har ya ce irin wannan lissafi ba namu ba ne, na Turawa ne.

To wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ba gaskiya ba ce. Duk ɗalibin da ya yi karatun zaure a garin nan ya wuce ta kan littafin fiƙihu na Risala, kuma a cikinta an faɗa ƙarara cewa mai kora dabba da mai janta da wanda ke bisa kanta duk masu lamuni ne ga abin da ta taka. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da kafa ƙa'ida cewa a sha'anin dukiyar mutane kuskure da ganganci ɗaya suke wajen biya. Kuskure yana ɗauke zunubi, ba ya ɗauke ramuwa. Yafiya falala ce, amma mai haƙƙi ke yin ta da ransa bayan an ce masa ga haƙƙinka. Wadda ake tatsa daga bakin mutum a tsakiyar titi, jama'a sun kewaye shi suna jiran su ga ko shi ɗan mutunci ne, ban san sunan da za a ba ta ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, haƙurin nan a kan wanda aka cuta kaɗai ake ɗora shi. Ban ji wanda ya tambayi mai a-kori-kura dalilin da ya sa ya ɗora wa mota lodi ya sake ta cikin gari da birki mai ciwo ba.

Dokar ƙasa ma ba ta bar wannan asara a banza ba. Kotu tana iya ba mutum diyyar rashin amfani da motarsa, wato kuɗin hayar da ya biya ko kuɗin shigar da ya rasa a kwanakin gyara. Sai dai irin wannan diyya sai an zayyana ta dalla-dalla an kuma kawo hujja, kuma kwanakin su zama na hankali, ba mutum ya jingine mota wata shida ya ce a biya shi ba. Ni kuwa ba ni da rasiɗi ko ɗaya. Wa ke karɓar rasiɗi a hannun ɗan kabu-kabu? Amma da na sani, da na riƙa biyan mai Keken ta taransifa, ko na sa ya rubuta mini a takarda ya sa hannu. Ba ni da rahoton 'yan sanda, ba a yi zanen wurin haɗari ba, ko hoto ban ɗauka ba sai da aka janye motocin. Alkawarin gyaran ma na baka ne, ba a rubuta ranar gamawa ba, balle abin da zai biyo baya in an saɓa.

Sai kuma inshora, wadda yawancinmu muka ɗauka takarda ce ta nuna wa jami'ai a shinge. Inshorar da ake kira ta mutum na uku dole ce a kan kowace mota tun dokar 1945, kuma amfaninta ke nan, ta biya wanda ka yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar diyyar ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. 'Yan sanda sun fara matsa lamba a kanta a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairun 2025. Da takardar mutumin nan ta gaske ce, da kamfani ne ya ɗauki nauyin gyaran, da ban zauna jiran kasuwar albasa ba. Da ɗana ya danna *565*11# a waya don duba inshorar, ya sa lambar motar mutumin, babu ita a rumbun bayanan kamfanonin inshora. A hannun wani ɗan kamasho ya saye ta. Ban yi masa dariya ba, na lallaɓa na duba tawa. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba saboda addini, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi a ƙasar nan, uzurin ya ragu.

Wani ɗan uwana da ke aiki a Ingila ya ce a can wanda ba shi da laifi ana ba shi motar haya kwatankwacin tasa ya riƙa hawa har a gama gyara, a aika wa kamfanin inshorar mai laifi da lissafi. Su ma suna rigima a kotu kan tsadar hayar. Ban ce a kwaso mana tsarinsu ba, ba mu da kamfanonin haya irin nasu. Abin ɗauka kawai shi ne sun yarda kwanakin da mutum ya yi a ƙasa asara ce mai farashi.

Ni ma da sauƙi, albashina bai tsaya ba. Ka tuna direban da ke jigila tsakanin Sakkwato da Illela, ko yaron da ya karɓi Keke a kan biyan balas kullum. In aka buge shi ya yi mako uku a gareji, cefanen gidansa ya tsaya, mai Keke kuma bai daina ƙirga kwanaki ba. Irin waɗannan su ake fi yi wa wa'azin haƙuri, domin su ne ba su da bakin zuwa wurin lauya.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da na masu Keke da kabu-kabu, tunda su ke yawan yin sulhu a tasha, shi ne su sa kuɗin kwanakin zama cikin abin da ake tattaunawa tun farko, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. Ko rabi aka amince a biya, wanda ya yi ɓarna zai yi saurin kawo kuɗin gyara, don ya san kowace rana tana ƙara masa nauyi. Malamanmu masu tafsiri da masu amsa tambayoyi a rediyo su taɓo babin lamuni kamar yadda suke taɓo falalar yafiya. Kai kuma Edita, da za ka gayyato lauya da ma'aikacin inshora su yi wa masu karatu bayani da Hausa, takarda bayan takarda, abin da ake kai wa kamfani da inda ake kai ƙara in ya ƙi biya, da ka taimaki mutane da yawa.

Naira 115,000 ɗin nan na bar wa mutumin, tunda ba ni da abin da zan riƙe shi da shi. Fitilar hagu da aka sa mini ma ta fara shan ruwa.

Naka,
Wani mai karatu daga Arkilla, Sakkwato