Zuwa ga Baba mai kayan miya, wanda ya tambaye ni da me zai ƙulla attaruhu

Assalamu alaikum Baba. Ina gajiya, ya kasuwa, ya iyali?

Ranar Talatar da ta wuce, a shirin rediyon da aka gayyace ni kan lafiyar dabbobi, ka bugo waya saura minti biyu a rufe fili. Ba ka faɗi sunanka ba, ka dai ce kai mai kayan miya ne a babbar kasuwar Gombe, shekara talatin da ɗoriya kana kan tebur ɗaya. Na ce ya kamata hukuma ta sa doka a kan leda, sai ka ce: "Malam likita, na ji ka. To in an hana leda, da me zan ƙulla wa marainiya attaruhun naira ɗari? A tafin hannu zan zuba mata?" Mai gabatarwa ya yi dariya, ni ma na yi, lokaci ya cika. Da na koma gida dariyar nan ta tsaya mini a rai, don tambayarka ba ta wasa ba ce. Tunda a gaban jama'a ka yi ta, bari in amsa a gaban jama'a.

Har yanzu ina kan bakana, Baba, a sa doka. Sai dai dokar da za ta fara da teburinka, ba da ni za a yi ta ba.

Ni ba a ofis na san leda ba. Aikina duba nama ne a mayanka, kullum da asuba kafin a kai kasuwa. A damunar bara aka kawo wata saniya daga ƙauye, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, amma cikinta a kumbure kamar mai tsohon ciki. Mai ita ya ce ya yi maganin tsutsa, ya yi allurar sammore, ya ba ta jiƙe-jiƙe, shiru. Da mahauci ya tsaga tumbin, wuƙar ta tsaya. Sai da suka sa hannu su biyu suka jawo wani dunƙule baƙi ƙirin, leda ta murɗe da leda ta zama kamar igiyar rijiya, ga guntun buhu, ga tsumma, ga ledar fiya wata da har yanzu ana iya karanta rubutun jikinta. Ya cika bokitin fenti har ya yi tozo. Bafulatanin mai saniyar ya tsuguna yana kallo, bai ce uffan ba, can ya tambaye ni ko sammu aka yi mata.

Ba sammu ba ne. Ledar da aka ƙulla manja ko gishiri ko tuwo tana riƙe ƙamshi, dabba kuwa, musamman da rani in ciyawa ta ƙare kuma jikinta yana neman gishiri, haɗiye ta take yi. Tumbi yana narkar da kara da ciyawa, amma ba ya narkar da leda, kuma ba ta wucewa gaba. Nan take zama, wata ta zo ta same ta. Dabba ta rage tuƙa, ta rage ci, nono ya ƙafe, mai ita yana ta sayen maganin cutar da babu ita. Maganinta ɗaya ne, a yi mata tiyata a buɗe tumbin a kwashe, kuma kuɗin aikin sau da yawa ya kusa kuɗin akuyar kanta. Awakin cikin gari, na Bolari da Pantami da Jekadafari, waɗanda ake saki su yi kiwo a bola, su suka fi shan wannan. Akuyar nan kuwa ka san ta wace ce. Ta tsohuwa ce mai tara kuɗin kayan ɗakin jika, ko ta uwar marainiyar nan taka mai sayen attaruhu.

Na ruwa kuwa ba sai na faɗa maka ba. Garinmu a kwari yake zaune, ruwa daga tudu yake gangaro mana da ƙarfinsa. Je ka leƙa kowace kwalbati bayan ruwan farko. Leda ce ke tare yashi da kara, lambatu ya toshe, ruwa ya nemi hanya ta cikin gidajen mutane ko ya ci gefen kwari. Ma'aikatan GOSEPA, hukumar kula da muhalli ta jiharmu, su yashe yau, kafin sati biyu ya koma yadda yake. Manomi ya sayi takin bola ya kai gona, garma tana tono leda shekara da shekaru. Matanmu kuma da ita suke hura gawayi, yaro a goye yana shaƙar hayaƙin. Ka lura 'yan bola jari suna tsince ƙarfe da gorar ruwa da tsohon takalmi, amma ba sa duban baƙar leda? Ba ta da nauyi a sikeli. Abin da ba ya kawo kuɗi ba mai sunkuyawa ya ɗauka, shi ya sa ita ce ke rataye a kan kowace ƙaya daga nan har Dadin Kowa.

Duk da haka kana da gaskiya, kuma ita ce gaskiyar da masu zama a ɗakin taro suke tsallakewa. Leda ba don ƙawa ta shigo mana ba. Ina yaro kakata da kwando take aike na cefane, da kwalbar mai a ciki, daddawa a ganye, tsire a takarda, fura a ƙwarya. Amma a lokacin gida yakan sayi gishirin wata guda, man sati guda. Yau talaka cefanen wuni yake yi, wani ma na kwano ɗaya: sukarin hamsin, omon hamsin, man ɗari. Wannan ciniki gaba ɗayansa a kan ƙulli yake tsaye, ƙulli kuma a kan leda. Ga yaran da ke yawo da ita a hannu cikin kasuwa, da ita suke samun na koko. Duk wanda ya ce gobe da safe a daina, ko bai taɓa sayen man ɗari ba, ko ya manta.

Ba mu muka fara wannan muhawara ba. Bangaladesh ta hana siririyar leda tun 2002, bayan an gano ita ke toshe magudanai lokacin ambaliya. Ruwanda ta hana a 2008, har a filin jirgin Kigali karɓe ta ake yi daga hannun baƙi. Kenya ta bi a 2017 da hukunci mai tsanani, ɗaurin da zai iya kai shekara huɗu ko tarar miliyoyin shilin. Tituna sun yi tsabta, amma 'yan fasa-ƙwauri sun ci gaba da shigo da ita ta kan iyaka. Ita kuwa ƙasar Ayalan ba ta kama kowa ba. A 2002 ta ce duk mai son leda a kanti ya biya santi 15 na kuɗin Yuro, amfani da ita ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari. A nan gida, Majalisar Wakilai ta amince da wani ƙudiri a 2019 mai tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara uku, bai zama doka ba. Legas ta hana robar zuba abinci ta soso a Janairun 2024, sannan daga 1 ga Yulin 2025 ta fara aiwatar da hani kan leda marar kauri, wadda ba ta kai maikuron 40 ba (ma'aunin kauri ne, ba wani abu ba), ta bar ledar fiya wata a gefe.

In ka tambaye ni, irin ta Kenya ba za ta yi mana ba. Mun san kanmu. Ranar da aka ce ɗauri ne a kan mai riƙe da leda, ranar aka buɗe wa wasu sabuwar hanyar cin abinci. Za su bi layin 'yan tebur suna ƙwace kaya suna karɓar na goro, motar da ta kawo ledar daga kamfani kuwa ta sauke lodinta da tsakar dare lafiya lau. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Na taɓa ganin irin haka da idona a wani aikin tsabta, an kifar da tiren wata yarinya mai gyaɗa saboda ɓawo, ga juji kamar tsauni a bayan masu kamun ba wanda ya waiwaya.

Abin da nake kira a yi ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi wuyar kaucewa. Masu tebur irinka dubbai ne, amma dilolin da ke saro leda bandir-bandir a Gombe ba su da yawa, kuma kowa ya san shagunansu. A wurinsu doka za ta tsaya. A zauna da su, a ce daga wata kaza, bayan an ba su lokacin da za su sayar da abin da ke hannunsu, siririyar nan da ke yagewa kafin ka kai bakin titi ba za ta ƙara shigowa ba. Mai kauri ta shigo, wadda za a wanke a sake amfani da ita, wadda kuma ɗan bola jari zai ga amfanin tsinta. Za ta fi tsada, na sani, kuma tsadar ita ce aikin. Abin da aka ba mutum kyauta a bakin ƙofa yake yar da shi, wanda ya biya kuwa ninkewa yake yi ya sa a aljihu. Manyan kantuna da kantunan magani da gidajen burodi, masu sa kwalin ashana ɗaya a leda, su a fara da su: kada su bayar kyauta. Kuma ba sai an jira Abuja ba. Tsarin mulkin 1999 ya sa kasuwanni da mayanka da tashoshin mota da kwashe shara a hannun ƙananan hukumomi. Ko ɗaya daga cikin 11 da muke da su a Jihar Gombe ta gwada a kasuwa guda, shekara guda, mu ga abin da zai faru, da sarkin kasuwa da shugabannin 'yan kasuwa a kan tabarmar tun ranar farko.

Fiya wata kam a bar ta tukuna. Wanda bai kawo wa unguwa ruwan famfo ba, ba shi da bakin hana ta. Abin da za a iya shi ne a ɗora wa masu kamfanonin nauyin sayen ledarsu in an tattaro, ko da kilo ne, yara da kansu za su share gari. Akwai kuma wadda ni a son raina da ita za a fara, ko da wa'azi ne ba doka ba: tuwo da alala da koko mai zafi a leda. Da can alala a gwangwani ake yi, tuwon biki a kwano ake rabawa, ba wanda ya ce an raina shi. Wannan ledar mai maiƙo ita dabba ta fi bi.

Sai mu dawo kan attaruhun marainiya. Jiya na aiki yarona cefane, da ya dawo na zazzage a kan tabarma na ƙirga. Tumatir a ledarsa, tattasai a tasa, attaruhu a tasa, albasa a tata, kuɓewa busasshiya a tata, an kuma haɗa su duka a wata baƙa, sannan saboda baƙar ba ta da ƙwari an ƙara ta biyu. Bakwai, a kan miyar dare ɗaya. A cikinsu wacce ce dole? Albasa ba ta zuba, ba ta jiƙa komai. Tattasai da attaruhu tukunya ɗaya za su, turmi ɗaya ma za su fara shiga, me ya raba su a hanya? Kuka da kuɓewa da barkono da citta, duk abin da yake busasshe, takarda mai tsabta tana ɗaukarsa yadda take ɗaukar tsire. Manja da man gyaɗa da niƙa, su ne na yarda ba su da mafita yau sai kwalba ko roba daga gida, wanda bai zo da ita ba kuma a ƙulla masa, ba zan ce a kore shi ba. Ka ga daga bakwai mun dawo ɗaya ko biyu, ba a kama kowa ba, ba a kashe wa kowa kasuwa ba.

Kai ma da riba a ciki. Ka fi ni sanin yadda kuɗin bandir ya tashi a 'yan shekarun nan, kuma daga cikin ribarka yake fita, tunda ba ka isa ka ce wa mai saye ya biya ba alhali maƙwabcinka yana bayarwa kyauta. Nan ne kaɗai nake ganin amfanin doka a teburinka: ta hau kan kowa rana ɗaya, don kada mai kirki ya rasa ciniki. Marainiya kuwa ta zo da kwanonta ko 'yar jakar buhu, irin wadda teloli ke ɗinkawa, ka zuba mata, ka ƙara mata gyara da kuɗin ledar da ba ka kashe ba. Yara sun fi mu saurin gane inda ake gyara.

Abin da nake tsoro shi ne a yi abin da aka saba: a buga sanarwa, a yi taro a otal, a raba jakunkuna masu hoton wani, bayan wata uku kowa ya manta. Ko a hana wannan a kawo wata jakar da ita ma roba ce, ta yage a kwana biyu, an sayar da kare an sayi biri. Shi ya sa na fi son mutane irinka su shiga maganar tun yanzu, da irin tambayar da ka yi mini, kafin a rubuta takardar a bayan idonku.

In Allah ya kai mu Asabar zan shigo kasuwa da kwandon da na sa aka saƙa mini, zan bi layin 'yan kayan miya ina tambayar wanda ya bugo waya rediyo. In na same ka, attaruhun ɗari biyu nake so, a zuba a kwando. Kai kuma duk ranar da ka samu sarari bayan sallar asuba, ka biyo ta mayanka ka ce malamin dabbobi kake nema, ka zo da takalmin da ba ka jin tausayinsa.

A gaida mutanen gida. Allah ya ba da kasuwa.

Ɗanka,
Malamin dabbobin da ka yi wa tambaya,
Gombe.