A Sake Duba Dokar Kiwon Macizai a Jojiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi tsokaci kan kiwon macizai a Amurka. A jihar Jojiya, laifi ne mutum ya ajiye macijin da asalinsa ɗan jihar ne matuƙar ba shi da dafi, ko da a keji aka ƙyanƙyashe shi. Ina goyon bayan kare na daji ɗari bisa ɗari, domin su ke rage ɓeraye a gonaki. Amma wanda bai taɓa ganin daji ba, me hana kiwonsa zai tsare?

Aikawa ma da wuya: gidan waya ba ya karɓar maciji sam, dokar Lacey ta 1900 kuma tana hukunta mai tsallake iyakar jiha da dabbar da aka mallaka ba bisa ƙa'ida ba. Wannan kam daidai ne. Roƙona a ba masu kiwo lasisi, a riƙa bincikar takardunsu.

Naka,
Mai karatu