Amsa ga Malam Dakta kan tarihin da ke cikin gidan laka

Ranka ya daɗe Malam Dakta,

Bayan gaisuwa. Ranar Asabar a rediyo ka kira sunana, ka ce in faɗa wa jama'a wane tarihi ne a gidajen laka da kwatami da zai sa in tsaya wa jami'a a gaba kan ginin ɗakunan kwanan ɗalibai a unguwarmu, kuma nawa aka ba ni. Maganar kuɗi ba sai mun daɗe a kanta ba. Shekara 35 na yi da alli a hannu, fansho nake ci. Farashin baki kuwa, masu zirga-zirga a ofishin 'yan kwangila su suka fi ni sani.

Maganar lakar ce ta tsaya mini a rai.

In ka samu sarari, ka leƙa gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. A gefensa akwai filin gine-ginen gargajiya, inda aka kashe kuɗin gwamnati aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, duk da ƙasa. Ana kwaso 'yan makaranta su kalla, baƙi na ɗaukar hoto. Ashe laka in an sa mata maigadi da tikiti sunanta tarihi, in mutane na kwana a ciki sunanta ƙazanta.

Kakana ya zo garin nan a ƙafa, zamanin kuza, tun jirgin ƙasa na Zariya bai iso ba a 1914. Da kuɗin kwanon kuza da ya ɗauka a ka ya gina zauren da nake zaune ina rubuta maka wannan. Azarar giginya ce a rufin, har yau gara ba ta iya da ita ba. Bangon gabas baƙi ƙirin yake da hayaƙin wutar karatun allo. A kan wannan bangon wasu samari suka shafa jan fenti, alamar rushewa, makon jiya, ko sallama ba su yi ba.

Ka ce ni maƙiyin boko ne. To madalla. Ɗaliban da kake tausayi a ɗakunanmu suke haya tun kafin ka yi gemu, kuma lokacin yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 ban fitar da kayan kowa ba. Kai kanka, Dakta, tsofaffin layinmu ba su manta ɗakin da ka kama a bayan masallaci ba. Mai ƙosai ma tana gaishe ka.

Diyyar da kake yi mana kwaɗayinta, ka fi ni sanin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978: in gwamnati ta karɓi fili, gini da shuka ake biya, ba ƙasar ba. Nawa mai kimantawa zai rubuta wa zauren laka? Yawancinmu ba mu da satifiket, sai takardar ciniki da ajami da shaidar mai unguwa. In an ba mu abin da ba zai sayi ƙofar ƙarfe ba, ina muka nufa? Tun rikicin 2001 garin nan ya rabu, mutum ba ya ɗaukar iyalinsa ya tare inda ya ga dama. Kowa ya san haka, amma ba a faɗa a ɗakin taro.

Ga kuma kasuwar Terminus. Ta ƙone a 2002, an sha nuna mana zanen sabuwa, 'yan kasuwa na nan a bakin titi. Mun ga yadda ake rushewa a garin nan, ginawar ce har yanzu muke jira.

Ka zo bayan la'asar ka ga bangon da idonka. Motarka ba za ta shiga lungun ba, sai ka bar ta a titi, amma ai ka san hanya.

Naka,
Tsohon malamin firamare, Jos