Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Muhalli kan dazukan bakin tekun Najeriya

Zuwa ga Mai Girma Ministan Muhalli, Malam Balarabe Abbas Lawal.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ma'aikatan daji ne da malaman gona, kuma koke ɗaya ya sa muka ɗauki alƙalami. Har yau ana auna aikin farfaɗo da dajin mangurof (itatuwan da ke tsirowa a lakar ruwan gishiri) na gaɓar tekun ƙasar nan da yawan dashen da aka soka a laka. Muna roƙon ka sa a koma auna shi da yawan itacen da ke raye bayan shekara 3.

Ka san inda aka faro. A watan Agustan 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar da rahotonta kan gurɓatar da ɗanyen mai ya yi wa ƙasar Ogoni a jihar Ribas, ta ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. A Yunin 2016 aka ƙaddamar da aikin tsaftacewa a garin Bodo, kuma hukumar HYPREP da ke gudanar da shi tana ƙarƙashin ma'aikatarka. A 2019 Najeriya ta yi alkawarin dasa itace miliyan 25 a gaban duniya, a 2021 aka sa hannu kan Dokar Sauyin Yanayi. Tun ranar da ka kama aiki a Oktoban 2023, waɗannan alkawura suka hau wuyanka.

HYPREP ta sanar cewa ta dasa mangurof sama da miliyan ɗaya a Bomu, cikin ƙaramar hukumar Gokana. Madalla da wannan. Sai dai manomi da dami yake lissafin gonarsa, babu mai tambayarsa mudu nawa ya shuka. A Siri Lanka, bayan ambaliyar tsunami ta 2004, an yi gagarumin dashe. Da masu bincike suka koma suka duba wurare 23, a guda 9 ko itace ɗaya bai rayu ba, wurare 3 kacal ne fiye da rabin dashen ya tsira. Kai ma ɗan Arewa ne, ka ga yadda gangamin dashen itace yake ƙarewa idan rani ya kama babu mai ban ruwa. Ba ma so dajin mangurof mafi girma a Afirka ya bi wannan sahu.

Abin da ke kashe dashe a bakin teku sananne ne. Na farko shi ne wurin da aka zaɓa. Mangurof yana rayuwa ne a ɗan tsakanin matsakaicin tsayin ruwan teku da iyakar cikarsa, inda ruwa ke rufe laka kusan kashi ɗaya cikin uku na lokaci ko ƙasa da haka. Ɗan kwangila kuwa ya fi son buɗaɗɗen filin laka na can ƙasa, don babu gardamar mai fili, kuma kwalekwale na isa da sauƙi. A nan ruwa ke kwana a kan dashen, igiya ta tumɓuke shi, shara ta danne wanda ya rage. Kafin a soka ko guda ɗaya, a kafa sanduna masu alama, a bi cika da janyewar ruwa na aƙalla wata guda, a gwada tsayin filin da na dajin da ke raye kusa da shi. Idan hanya ko bututu ko tulin ƙasar yashe ya toshe rafi, a fara buɗe shi. Sau da yawa da zarar ruwa ya koma shiga da fita, 'ya'yan itacen da kansu suke zuwa bisa ruwa su kafu.

Sai iri. Jan mangurof, Rhizophora racemosa, shi ya fi yawa a Neja Delta, kuma bakin rafi mai laka mai taushi ne wurinsa. Ɗansa yakan haura santimita 30, ana soka kashi ɗaya cikin uku a laka, kan yana sama. Tazarar mita ɗaya na cin 10,000 a hekta, ta mita biyu 2,500. Saboda haka adadin dashe shi kaɗai ba ya ma nuna faɗin filin da aka rufe. Avicennia kuwa, wani irin mangurof ɗin, ya fi son can baya, inda ƙasa ta fi tauri da gishiri. Inda ƙaguwa ta yi yawa tana gutsire 'ya'yan, gara a rene su a leda har su yi ganye 4 zuwa 6. Inda kuma ɗanyen mai ke kwance cikin lakar da mutanen yankin ke kira cikoko, dashe asara ce sai an auna ƙasa an tabbatar man ya ragu, domin yana toshe ƙananan ƙofofin da saiwa ke numfashi da su, kuma a lakar da babu iska yana daɗewa shekaru bai ruɓe ba.

Ga kuma nipa, wata baƙuwar shuka mai kama da kwakwa da ke ƙwace wa mangurof wuri. An shigo da ita Kalaba daga Singafo a 1906, yau ta mamaye rafuka daga Kuros Riba da Akwa Ibom har Ribas. Sare ganyenta ɓata ƙarfi ne, gangar jikinta a binne take cikin laka, cikin 'yan watanni ta tofo. 'Ya'yanta kuma ruwa ke yawo da su, duk filin da aka sare aka bari fayau ita ke riga mangurof kamawa. Abin da ke aiki shi ne a tsinke dunƙulen 'ya'yan kafin su nuna, a maimaita sara, a dasa mangurof nan take, a ci gaba da cire tsiron nipa har inuwa ta rufe. Kwangilar da ke ƙarewa ranar dashe ba za ta taɓa biyan wannan aiki ba.

Ranka ya daɗe, ko an kiyaye duk wannan, gatari zai cinye dajin muddin matan da ke bandar kifi ba su da wani makamashi. Icen jan mangurof yana ci ko da ɗanye ne, yana ba kifi launin da mai saye ke so. Jatan landen da ake lodi daga Oron har kasuwannin Arewa ma da hayaƙi ake busar da shi, don haka mu ma muna da hannu a ciki. Kamawa da tara ba za su hana mace ciyar da 'ya'yanta ba. Tun 1969 ake amfani da murhun Chorkor a Ghana, wanda ake jera tire-tiren waya kan juna, wuta ɗaya ta busar da kifi mai yawa. Cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Legas ma tana da nata murhun. A ba ƙungiyoyin mata bashi mai sauƙi su gina, a koya wa maƙera da kafintocin garin gyara, domin waya na tsatsa da sauri a iskar gishiri, kuma murhun da babu mai gyara shi yakan koma wurin ajiyar kaya. Kowane gari kuma a ware masa fili a tudu don noman icen wuta.

Haka batun gona. Muna jin tsoron a ce za a sare mangurof a yi shinkafa da sunan wadata ƙasa da abinci. Ƙasar da ke ƙarƙashin wannan daji tana ɗauke da ma'adinin ƙarfe da farar wuta. Da an zuƙe ruwa iska ta taɓa ta, sai ta yi tsami, ma'aunin tsami na pH ya faɗi ƙasa da 4, shinkafa ta ƙone, kifin rafi ya mutu. Manoman Balanta na Gini Bisau da suka gaji wannan noma, da ganuwar laka da manyan kunyoyi da wanke gona da ruwan sama suke yi, kuma gwaninta ce ta kaka da kakanni. Gonakin da za a taimaka wa su ne na bayan daji. A Bayelsa ana shuka rogo bayan ruwa ya janye, a tone kafin ambaliyar Satumba da Oktoba. A 2012 da 2022 ruwa ya cinye rogon har da karan da za a shuka baɗi. Ana bukatar iri mai saurin nuna daga cibiyoyin binciken noma na Umudike da IITA ta Ibadan, da gonakin ajiyar kara a kan tudu. A haɗa da gwaza a damshi, agade a kan kunya mai tsayi, kwakwa a yashin gaɓa, amya a kusa da Avicennia don furensa na ba da zuma. Idan ɗaya ya nutse, wani ya riƙe gida. A Gambiya, a 2012, an damƙa wa matan ƙungiyar TRY haƙƙin ɗibar kawa, dabbar ruwa mai ɓawo da ke manne wa saiwar mangurof, a dausayin Tanbi, suka taƙaita ɗiba zuwa wata 4 a shekara, suka daina sare saiwa. Wanda ke ci daga daji shi ke tsaronsa idan an ba shi takarda a hannu.

Mun san za a ce fili na gwamnoni ne tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, noma kuma na wata ma'aikata ne. Amma tantance tasirin manyan ayyuka kan muhalli a teburinka yake. Hanyar Legas zuwa Kalaba, mai kusan kilomita 700, za ta ratsa dausayi da rafuka, kuma kwalbati ɗaya da ya yi ƙanƙanta zai iya kashe dajin da ke bayansa. Dazukan Apoi da Edumanom na jihar Bayelsa an amince su zama gandun daji na ƙasa tun 2020, suna bukatar masu gadi da kwalekwale. Ayetoro ta jihar Ondo kuwa teku na ci gaba da cin ta.

Don Allah, ranka ya daɗe, ka ba da umarni cewa kowane aikin dashe ya kasance da taswira, da ƙananan filayen gwaji na dindindin, mita 10 sau 10, da za a ƙirga a wata 6, wata 12 da wata 36. Masu ƙirgar su fito daga jami'o'in Fatakwal, Uyo da Kalaba tare da mutanen garin, ba daga ɗan kwangila ba, kuma a wallafa sakamakon kowa ya gani. A riƙe wani kaso na kuɗin kwangila sai bayan ƙirgar ƙarshe. A fara da Bomu.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan daji da malaman gona