Labarin Takwaranka da 'Yar Kwalbar Gwaji

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Kumasi, ya iyali? Saƙonka ya iso, na kuma ga ƙorafin da ka yi cewa sai a bakin Hajiya ka ji an yi wa takwaranka aiki. Ka yi haƙuri, laifina ne, lokacin kaina ya ɗau zafi. Yanzu da hankali ya kwanta bari in ba ka labarin daga tushe.

Bara, yana cika shekara 4, uwarsa ta fara ganin jini a fo bayan ya yi tutu. Jini ja jawur, ɗan kaɗan, kwance a saman kashin. Abin mamaki yaro ba ya kuka, ba ciwon ciki, ba zazzaɓi, da an wanke masa sai ya ruga wasa. Ka san mutanen gidanmu. Hajiya ta ce ɗankanoma ne, Gwaggo ta ce basir ne ya gado a wurina, aka yi ta jiƙe-jiƙe da zama a ruwan bagaruwa har wata uku. Ranar da wani ɗan nama ya leƙo ta duburarsa ya koma, ranar na saɓa shi sai asibiti.

Likitar yara ta ce basir ba kasafai yake kama ƙananan yara ba, ita ta fi zargin tsiro a babban hanji, irin wanda aka fi gani tsakanin shekara 2 zuwa 10. Kafin komai sai ta rubuta mana wani gwajin bayan gida mai suna kalfurotektin. Na ce likita, wannan suna ai sai da ruwa. Ta yi dariya ta warware mini. Wani sinadari ne da ke cikin fararen ƙwayoyin jini, sojojin da ke rugawa duk inda aka sami kumburi. Idan bangon hanji ya kumbura, sai su taru a wurin, sinadarin ya zubo cikin kashi, a auna shi. Shi kuwa irin wannan tsiro na yara, samansa a saɓe yake, cike da waɗannan ƙwayoyi, shi ya sa awon yakan hau. Wani likita ɗan Norway, Magne Fagerhol, shi da abokan aikinsa suka gano sinadarin a 1980, sai a 1992 aka fara auna shi a bayan gida. Ga wanda ya haura shekara 4, ana son a ga ƙasa da maikirogiram 50 a kowane giram. Na takwaranka ya ninka haka fiye da sau goma.

Daga nan aka zura masa bututun kyamara ta dubura don a duba hanjin. Wallahi aikin kansa bai wahalar da mu kamar jajiberinsa ba. Kwana guda ba tuwo ba shinkafa, ga maganin wanke ciki da aka ce sai ya shanye, yaro yana turewa uwarsa tana lallashi, ni ina riƙe da kofi, fo kuwa ba ya hutawa. Washegari aka yi masa allurar barci, aka sami tsiro ƙwaya ɗaya kusa da dubura, kamar ɗan magarya mai siririn wuya, aka zarge shi da waya aka cire. Binciken naman ya nuna ba daji ba ne. Alhamdulillahi.

To a nan ne gwajin nan ya yi mini rana. Bayan 'yan watanni aka sake awo, ya sauko ƙasa da 50. Likita ta ce tunda ɗaya ne, ba jini, kuma babu mai irinsa a dangi, ba za ta sake sa yaro cikin wancan wahala ba gaira ba dalili, za ta riƙa lura da shi da awon kashi. 'Yar kwalba ce mai ɗan cokali a jikin murfi, a ɗebi kaɗan a rufe. Sinadarin yana iya kwanaki bai lalace ba, wanda ya taimake mu, don ba kowane ɗakin gwaji ke yinsa ba. Rigima ɗaya dai, uwargida ta rantse kwalbar nan ba za ta kwana a firjinta kusa da kunun aya ba, ko a leda goma aka ƙulle ta.

Amma kada ka ɗauka awon nan alƙali ne. Da damina ya sake hawa, na kwana ban runtsa ba, na ce shi ke nan tsiro ya dawo. Tambayar farko da likita ta yi ita ce ko ya yi gudawa, ko an ba shi ibuprofen. Duka biyun kuwa an yi, atini ya kama shi makon da ya gabata, ni da hannuna na ba shi maganin zazzaɓin. Ta ce awon kumburi kawai yake gani, bai san ko na tsiro ne, ko na atini, ko na tsargiyar hanji, ko ciwon Crohn (wani kumburin hanji mai daɗewa) ba. Muka jira makonni aka maimaita, ya sauka. Ta kuma ja kunnena cewa in jini ya dawo, ko da awo ya nuna lafiya lau, kyamara za a koma. Yaran da aka samu da tsiro 5 ko fiye, ko masu gadonsa, su dama lissafinsu daban ne, bututun ba ya barinsu.

Hajiya har yanzu ta ce bagaruwarta ce ta fara karya ciwon, ni kuwa na bar mata. Takwaranka ya yi ƙiba, ya shiga Islamiyya, kullum sai ya tambaye ni yaushe za ka kawo masa keken da ka yi alkawari. Ka gaida mutanen Zango, da Madam da yara.

Naka har kullum,
Abokinka na Kano