'Yan uwana marubuta, mu san inda labari zai sauka kafin mu fara sakinsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana marubuta ƙagaggun labarai, musamman mu masu sakin labari feji-feji a WhatsApp da Facebook da manhajar labarai ta Wattpad.

Akwai labarin da na taɓa farawa da zafina, kullum dare sai na saki feji ɗaya, masu karatu na ta yabo, wannan ya ce a haɗa jarumar da wane, waccan ta ce dan Allah a kashe mugun nan haka, ni kuma ina ta biye musu don kar su gudu, har na kai feji na 70 wallahi ban san inda zan sauke ba. Yarinyar da na gina tun farko mai kafiya da tsayawa kan maganarta ta koma sai kuka a kowane feji ba gaira ba dalili. Haka na bar shi ba ƙarshe, har yau abin yana mini ciwo.

Ba sakin labari kaɗan-kaɗan ne laifi ba, tun 1836 marubuci Charles Dickens a Ingila yake fitar da nasa kashi-kashi duk wata, mutane na jira kamar yadda ake jiranmu yanzu. Amma da ya yi nisa a sana'ar shi ma sai ya koma yana rubuta tsarin kowane kashi a takarda daban, wa zai fito, me zai faru, me za a ɓoye sai gaba.

Toh yanzu ni kafin in rubuta kalma ɗaya sai na san abu uku, me jarumin ke so, me ya tare masa hanya, kuma me zai rasa kafin ya samu ko ya haƙura. Ƙarshen ina rubuta shi ko layi biyar ne in ajiye. Hirar taurarin labarin kuwa da baki nake karantawa, in na ji ba mai magana haka a zahiri sai in goge komai daɗin jimlar. Kuma feji sai ya kwana biyu sannan in sake dubawa, a nan ne za ka ga ka canza wa mutum suna ko ka maimaita zance sau uku.

Maganar kuɗi kuma kar wanda ya ajiye aikinsa saboda littafin farko ya samu yabo, yabo daban ciniki daban.

Roƙona Malam Edita, ku buɗe mana shafi ko sau ɗaya a wata inda gogaggun marubuta za su ɗauki gajeren labarin sabon hannu su feɗe shi, su nuna inda ya yi kyau da inda ya kwance. Ni zan fara turo nawa.

Taka,
Wata marubuciya mai bibiyar jaridarku