Wasiƙa zuwa ga aminina kan maganar dangin Obama da CIA

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na saurari muryar da ka turo mini ta WhatsApp har sau biyu, wadda mai maganar yake rantsuwa cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ita ta raini Barack Obama tun yana zanin goyo. Ka nemi ra'ayina, to ga shi, kuma don Allah kada ka ji haushina.

Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce kamfanin Business International, inda Obama ya yi aiki na kusan shekara guda bayan ya gama jami'ar Columbia a 1983. Gaskiya ne a 1977 jaridar New York Times ta ruwaito cewa kamfanin ya taɓa ɓoye wasu jami'an CIA da sunan ma'aikatansa, tsakanin 1955 da 1960. Amma aminina, yi lissafi. A lokacin ba a ma haife shi ba, domin sai 4 ga Agusta 1961 aka haife shi a Honolulu.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne yadda mai maganar ya taɓa mahaifiyar Obama, Ann Dunham, da zargin alaƙa da CIA. Na san inda zargin ya samo asali. Ta bi mijinta na biyu, Lolo Soetoro, zuwa Jakarta, babban birnin Indonesiya, a 1967, jim kaɗan bayan kisan gillar da ya share wa Janar Suharto hanyar mulkin ƙasar, kuma Amurka na goyon bayan Suharto. Daga baya ta yi aiki da USAID, hukumar ba da agajin raya ƙasashe ta Amurka, da Gidauniyar Ford. To amma me ta ƙarar da rayuwarta a kai? Maƙeran ƙauyukan tsibirin Java na Indonesiya. Shekara da shekaru tana zama a maƙera, tana tambayar yadda suke samun ƙarfe da jari, har ta samu digirin digirgir a kan sana'arsu a 1992. Ta kuma yi aikin samar wa talakawa ƙananan rance. Ciwon daji ya ɗauke ta a 1995, tana da shekara 52. Matar da ke kabari ba ta da bakin kare kanta, kuma mai muryar nan bai kawo takarda ko ɗaya ba, sai "an ce".

Mahaifin kuwa ɗan ƙabilar Luo ne daga Kenya, ya je karatu Hawaii a 1959, ya rasu a haɗarin mota a Nairobi a 1982. Ɗan nasa ma bai tashi a hannunsa ba.

Ka dubi shugabannin da alaƙarsu da hukumomin leƙen asiri ta tabbata. George Bush babba ya shugabanci CIA daga 1976 zuwa 1977. Putin ya taɓa zama jami'in KGB, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, a birnin Dresden na Jamus, a 1998 kuma aka ba shi shugabancin FSB, hukumar tsaron Rasha. Waɗannan a rubuce suke, ba wanda ya musa.

Ka san ni ba masoyin mulkin Obama ba ne. Har gobe ina jin ciwon abin da aka yi wa Libiya a 2011, da fararen hular da jirage marasa matuƙa suka kashe a Pakistan da Yaman. Wannan da sa hannunsa aka yi, a kansa nake tuhumarsa. Ina roƙonka kada ka ƙara tura muryar nan gaba, musamman ga yaranmu da ke ɗaukar maganarka da nauyi.

Ka gaida mini da Hajiya da yara. Ina jiran amsarka.

Naka har kullum,
Amininka